Ranar da Luba Ta Jefe Ni

A bakin kogi, bayan mun baro Kamba, aka fara tambayata abin da ke cikin jakar. Mai kwalekwalen ne ya ɗaga ta ya ji ƙarfe yana ƙara a ciki, sai ya ajiye ta a hankali ya ja da baya. Na ce masa kayan wasa ne. Ya dube ni, ya dubi furfurar da ta fara fito mini a gemu, ya dubi 'yata Luba da ke tsaye bayana cikin hijabi, ya ce wane irin wasa ne ake yi da ƙarfe. Har na buɗe baki zan yi bayani, sai na tuna shekara uku ke nan ina wannan bayanin a Tambuwal ba wanda ya gane. Na ce masa ƙwallo ne kawai, ya tura jirgi mu tafi.

Ni malamin motsa jiki ne a wata makarantar 'yan mata a Tambuwal, amma asalina mutumin Kebbe ne. Wasan kuwa sunansa sofbol. Wata Bayarabiya 'yar bautar ƙasa ce ta kawo mana shi, yara suna kiranta Anti Bola. Ɗaya za ta jefo ƙwallo, ɗaya ta buge shi da sanda ta ruga tana zagaya tashoshin da aka kafa a fili. A bayan mai bugun akwai wadda ke tsugune, sanye da hular ƙarfe mai raga da garkuwar ƙirji da makaran ƙwauri da babbar safar hannu ta fata, aikinta ta cafe duk ƙwallon da sanda ta kuskure. In wata ta yi satar gudu daga tasha ta ɗaya zuwa ta biyu, mai cafewar ce za ta miƙe ta jefa ƙwallon can kafin ta isa. Wannan shi ne aikin Luba.

Hannun nan nata ba a makaranta ta samo shi ba. Duk hutun damina nakan kai yarana Kebbe wurin mahaifina, kuma tun tana 'yar shekara bakwai take korar tsuntsaye a fadamar shinkafarsa. Sauran yara gwangwani suke bugawa suna ihu, ita kuwa hogen ƙasa take ɗauka ta jefa, ya faɗi daidai tsakiyar garken. Ranar da Anti Bola ta ga jifanta na farko sai da ta riƙe baki. Kafin ta gama wa'adinta ta bar mini wani ƙaramin agogo na auna daƙiƙa, ta ce masu zaɓen yara suna auna lokaci ne daga shigar ƙwallo safar hannun mai cafewa zuwa saukarsa a tasha ta biyu. Daga ranar na zama bawan agogon nan. Kullum bayan la'asar ƙawayenta biyu za su zo, ɗaya ta jefo mata, ɗaya ta tsaya a tasha ta biyu, ni ina gefe ina dannawa. Daƙiƙa biyu da 'yan kai take yi. Ba teburin mai shayin da ban kai wannan labarin ba, har abokaina suka koma kirana Malam Daƙiƙa.

Sai ga saƙon Anti Bola, cewa za a yi gwajin 'yan mata a kusa da Akra ta ƙasar Gana. Waɗanda aka zaɓa za a ba su gurbi a makarantar kwana har su gama sakandare, suna karatu suna wasa. Masu cafewa biyu kacal za a ɗauka, kuma ba a karɓar wadda ta cika shekara sha shida. Luba tana da sha biyar da rabi. A wurinmu kuwa wasan yana mutuwa ne, ƙwallayenmu duk sun yage sai uku, ba kuma mai aiko mana wasu. Ko ta samu wannan karon ko shi ke nan, hular ta koma rataye a ɗakin ajiya. Ita ba ta taɓa cewa tana so da baki ba, amma na ga ta wanke kayan nan sau biyu a mako ɗaya.

Mun haye kogin lafiya, ko da yake ruwa ya cika ya tumbatsa, ni kuma ban bar salati ba har muka taɓa ƙasa. A tashar motar Malanbil, garin da ke tsallaken iyaka, wani dattijo mai farar riga da carbi ya tare mu. Hausarsa tsaf kamar mutumin Jega, ya kira ni Malam, ya sa wa Luba albarka, ya ce motarsa ce za ta tashi yanzu kai tsaye zuwa Kwatano ba sauka. Ni da nake ganin kaina wayayye, na ce wa Luba ta ga amfanin haɗuwa da na gida. Na ba shi kuɗin tafiyar gaba ɗaya, ya raka mu har mota, ya gyara mana zama, ya ce zai je ya yi alwala ya dawo. Har yau yana can yana alwalar.

Mu goma sha ɗaya ne a motar da aka yi don mutum bakwai, ban da buhunan albasa. Luba ta faɗa gefen ƙofa, kafaɗarta ta dama a matse jikin ƙarfe. Wannan kafaɗar ita ce duk abin da muka ɗauko daga gida, don haka duk ramin da muka faɗa sai na leƙa na tambaye ta kafaɗar fa. Na tambaya ya fi sau goma. A na ƙarshe ta amsa ba tare da ta dube ni ba.

"Kafaɗa lafiya lau take, Baba. Ni ce dai nika jin yunwa."

Na ji kunya, amma ban nuna ba. Na ciro mata ƙuli-ƙulin da uwarta ta ƙulla mana.

Da muka isa Faraku da la'asar, wajen rabin hanya, direban ya kashe mota ya ce iyakarsa ke nan. Na ce har Kwatano muka biya. Ya ce shi na Faraku aka ba shi, kuma bai san wani mai farar riga ba. Na yi faɗa da Hausa, na yi da Turanci, mutanen tasha suka taru suna kallona suna magana da Faransanci, har na gaji don kaina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne carbin nan, da yadda ya ɗora hannu a kan yarinyar yana sa mata albarka.

Wata mai soya doya a bakin tasha ce ta ga Luba zaune kan jaka. Ba ta jin Hausa, mu ba ma jin yarenta. Ta yafito ta da hannu, ta zuba mata doya da yaji, ta shimfiɗa mata zani a bayan rumfarta ta yi salla. Da na miƙa mata kuɗi ta ture hannuna tana faɗa, ta nuna wata yarinya a hoton da ke manne jikin akwatinta, ta nuna Luba, ta nuna hanya. Na fahimci ita ma tata 'yar tana wani wuri mai nisa. A rumfar nan Luba ta kwana tare da ita, ni na kwana a masallacin tasha. Da safe ita ce ta kai mu wurin direban da ta yarda da shi, ta tsaya har motar ta tashi. Ko sunanta ban sani ba.

A wani shinge da ke tsakanin nan da bakin teku wasu masu kaki suka sauke mu. Ban san ko na wace hukuma ba ne, ban kuma tambaya ba. Suka zazzage jakar a kan titi. Babbansu ya ɗaga hular ƙarfen ya juya ta, ya ƙwanƙwasa garkuwar ƙirjin, ya ce waɗannan kayan faɗa ne. Na nuna masa takardar gayyata da hoton yaranmu a fili. Ya ce in gaskiya ne yarinyar ta sa ya gani. Luba ta sa hular a kan hijabinta, ta ɗaura garkuwar, ta tsuguna a gefen titi ta buɗe safar hannunta, fasinjoji suna leƙowa ta taga. Suka yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba, domin ina ganin idonta ta cikin ragar. Daga ƙarshe suka mayar mana da komai ban da makaran ƙwaurin, wai sai an bincika. Na ga ɗayansu yana gwada su a ƙafarsa tun kafin motarmu ta ɗaga, da alama mai babur ne.

Daga Kwatano hanya ta bi gefen teku. Luba ba ta taɓa ganinsa ba, ni ma sau ɗaya na taɓa gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko mutanen nan suna noma. Na ce suna yi mana. Ta ce ita ba ta ga gero ko ƙwaya ɗaya ba tun jiya. A nan ne kewar gida ta kama ni sosai. Ruwan sama yana sauka a kan rufin kwano da itatuwan kwakwa, ni kuwa ina tunanin gonarmu ta Kebbe da ta isa noman maimai, da mahaifina da zai fita da sanda ya duba ta shi kaɗai. Na tambayi kaina abin da ya kawo malamin makaranta da 'yarsa wannan uwa duniya saboda daƙiƙa biyu. Ina cikin wannan tunanin muka ƙetare Togo.

Mun shiga Akra a rana ta huɗu, saura kwana ɗaya gwaji. Wani direba ya ce mu nemi zango, can ne Hausawa suke. A can muka faɗa hannun Hajiya Mariya, mai sayar da wake da shinkafa, mace mai jiki da murya. Da ta ji mun ce Tambuwal sai ta ajiye ludayi, ta ce kakanta daga Dogon Daji, nan kusa da mu, ya zo fataucin goro bai koma ba, ita ba ta taɓa zuwa ba. Hausarta ba ta raba mace da namiji, Luba ma "shi" take ce mata, yarinyar tana ta ƙunshe dariya. Ta ba mu ɗakin ɗanta da ya tafi aiki wani gari. Ta kawo mana dokunu, wani tuwon masara mai tsami, Luba ta kai loma ɗaya ta dube ni da idon neman ceto. Hajiya ta gani, ta aika aka nemo fura da nono a wurin wasu Fulani. Ta yi ta tambayarmu yadda Dogon Daji take, ko akwai kuka a bakin kasuwa kamar yadda kakanta yake faɗa. Na ce akwai, ko da yake ban tabbata ita ce ba.

Filin gwajin yana bayan gari, ciyawa kore shar. Yara sun fi sittin, daga ƙasashe daban-daban, kowace an manna mata lamba a baya. Masu cafewa su biyar ne. A cikinsu akwai wata doguwa 'yar Gana mai suna Ama, wadda da ta ga Luba ba ta da makaran ƙwauri ta ce za su riƙa karɓa-karɓa da nata. Shugaban masu zaɓen wani tsoho ne da suke kira Papa Kofi, kansa fari fat, yana ɗan ɗingishi. Wata mata a cikin mataimakansa ce ke riƙe da agogo. Shi kuwa tsohon da kansa ya sa safar hannu ya je ya tsaya a tasha ta biyu, aka ce haka yake yi kullum, ya fi son ya ji jifan yaro a tafin hannunsa. Kowace jifa uku za ta yi.

Ama ce ta fara. Ƙwallonta ya tafi a miƙe, ya sauka da ƙara. Na danna nawa agogon a ɓoye cikin aljihu, na duba, na ga Luba ta fi ta da kaɗan in dai ta yi yadda ta saba. Sauran ukun ma na auna su, hankalina ya kwanta. Har na fara shirya yadda zan ba da labarin a teburin mai shayi.

Luba ce ta ƙarshe. Aka jefo mata, ta cafe tsaf, ta miƙe kamar yadda ta saba. Sai na ga ta ɗan rusuna, ta sassauta hannu, ta lulo ƙwallon sama a hankali, ya yi baka ya sauka a safar tsohon ba ko ƙara. Na duba agogo, ya wuce daƙiƙa uku. Na girgiza shi na kai kunne, wai ko ruwan Kwatano ya shige shi. Ta sake na biyu haka, na uku ma haka. Matar nan ta rubuta abin da ta rubuta, tsohon ya dubi Luba ya ɗan karkata kai, aka ce a tafi hutun rabin rana.

Na ja ta gindin wata bishiya nesa da mutane. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na san halina, in na fara ba na tsayawa da wuri. Na lissafa mata kogi da Faraku da masu kaki, na ce ko kafaɗar ce ta ɓoye mini. Ta ce kafaɗa ba ta yi komai ba. Na ce to mene ne. Ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar safarta.

"Baba, tsoho na fa. Ya girme ka, ya kusa kai Kaka. Ƙaƙa za ni jefe shi?"

Faɗan da na ɗauko duk ya zube.

Tana 'yar shekara shida, wata rana a Kebbe, mahaifina ya ce ta miƙo masa makullin babur. Tana daga bakin zaure ta cillo masa, ya faɗa daidai cinyarsa. Tsohon dariya ya yi, ni ne na karyo tsumagiyar darbejiya na zane ta, na sa ta ɗauki makullin ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu. Na ce mata ba a jefa wa babba abu, ko da tsinke ne, ko da shi ya ce a jefo. Ba ta sake ba. Kuma duk shekara ukun nan da muka yi a fili, ƙawayenta ne ke tsayawa a tasha ta biyu. Ni ban taɓa sa safar ba, kullum ina gefe da agogona. Tarbiyyar da na ba ta ce ta yi aiki, a gaban mutanen da ba su san da ita ba.

Bayan azahar aka raba yaran gida biyu aka buga wasa. An yi yayyafi, fili ya yi santsi, don haka ba wadda ta yi gangancin satar gudu. Na zauna ina addu'a wata ta gwada ko sau ɗaya, domin yanzu yarinya ce 'yar'uwarta a tasha ta biyu, amma ba a yi ba. Mai jefo wa Luba wata 'yar ƙarama ce da tsoro ya kama, ƙwallonta rabi a ƙasa yake sauka, cikin taɓo. Luba ta yi ta faɗawa gabansa da gwiwa da ƙirji, ba wanda ya wuce ta. Tsugunno kuwa ba ya gajiyar da ita, yarinyar da ta tashi tana gaisuwa a tsugune, tana wanke-wanke a tsugune. Da 'yar ƙaramar ta fara hawaye, Luba ta tashi ta je wurinta, ta goge ƙwallon da gefen rigarta, ta sa mata a hannu ta riƙe hannun na ɗan lokaci. Ba su da yare ɗaya. Duk wannan na gan shi, amma a lokacin ban ɗauke shi bakin komai ba, tunda agogo ba ya auna shi.

Da aka tashi na tattara ƙarfin halina na je wurin Papa Kofi. Na gaishe shi, na ce ni ne uban mai lamba kaza, na gaya masa abin da ya faru da Turancina na aji, har da makullin babur. Na zaci zai ce dokar gwaji ba ta san wannan ba. Sai ya yi murmushi, ya ce su ma haka aka rene su, jikokinsa ne dai suke cillo masa waya daga ƙofa. Ya ce tun jifan farko ya san da wani abu, domin ƙafafunta da kafaɗarta sun yi shirin jifa mai ƙarfi, hannun ne ya fasa a hanya.

Ya ga agogon a hannuna, ya tambaye ni ko shi nake bi. Na ce shi ne. Ya ce iyaye duk haka suke zuwa masa, kowa da lambarsa a baki. A wannan shekarun, in ji shi, saurin jifa yana da amfani amma ba shi ne kan gaba ba. Wasan yara ba a cika rasa shi don an saci gudu ba, an fi rasa shi don ƙwallo ya wuce mai cafewa ya tafi baya, ko don mai jefowa ta rikice ba mai kwantar mata da hankali. Hannu yana ƙara ƙarfi da shekaru, saurin ma ana gyara shi da koyon taka ƙafa. Abin da ya kasa koya wa yaro shi ne ya ga ƙwallo na zuwa ya sa jikinsa a gaba. Ya ce wannan 'yata tana da shi fiye da sauran huɗun.

Na fara godiya, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce amma ba zai ɗauki wadda ke riƙe hannunta ba. A makarantar masu horarwa duk manya ne, su za ta riƙa jefa wa kullum, in ta ci gaba da lulo musu ƙwallo ba abin da za ta koya, gurbin kuma wata ce ta rasa shi. Na roƙe shi ya sake tsayawa sau ɗaya, zan yi mata magana. Ya cire safar daga hannunsa ya miƙo mini.

"Ba ni zan tsaya ba. Kai za ka tsaya. In ta iya jifanka, za ta iya jifan kowa."

Ya ce jifa ɗaya ne, ya kuma ce wa matar nan ta mayar da agogonta aljihu.

Na taka zuwa tasha ta biyu da babbar rigata da safar da ban san yadda ake riƙe ta ba. Ban taɓa ganin filin daga nan ba. Luba ta yi mini nisa, ta yi ƙanƙanta a cikin kayan nan. Da Ama ta yi mata nuni ta gane abin da ake nufi, sai ta ɗage hular ta girgiza kai. Yaran da suka fara tafiya suka dawo suka tsaya. Na san in na daka mata tsawa daga nan za ta jefo, amma irin na ɗazu za ta jefo. Sai na tako har inda take, na tsuguna a gabanta, abin da ban taɓa yi ba.

"Luba, abin da na buge ki a kai gaskiya na, kuma yana nan har gobe. Amma yau ni nika roƙonki. Ki jefe ni da dut ƙarfinki."

"In na ji maka ciwo fa, Baba?"

"Na yafe tun yanzu. Duniya da lahira."

Ta dube ni. Sannan ta sauke hular a kan fuskarta.

Na koma na tsaya, na ɗaga safar daidai ƙirjina. Na ga an jefo mata, na ga ta miƙe. Ƙwallon kam ban gan shi ba. Na dai ji wani abu ya daki babban yatsana ta cikin fatar, zafi ya tafi har gwiwar hannu, ƙwallon ya yi tsalle ya nufi bayan fili. Na samu kaina zaune a cikin taɓo. Shekara uku ina faɗa wa mutane ƙarfin hannun yarinyar nan, ashe ni ma labari nake ji.

Kafin na miƙe ta iso, ta yar da hular a hanya, ta durƙusa ta kama hannun da hannu biyu tana ba ni haƙuri tana kuka. Na ce mata ai mun gama wannan maganar tun kafin jifan. Ta bayan kanta na hango tsohon yana rubutu a takardarsa.

Kafin magariba aka kira sunaye. Ama da Luba aka ɗauka a masu cafewa, ko da yake a takardar matar nan Luba ce ta ƙarshe a sauri. Na ji daɗi irin wanda ban taɓa ji ba, amma sai a lokacin na tuna cewa wadda aka ɗauka ba ta komawa gida. Duk tsawon hanyar nan ban taɓa tunanin zan bi ta ni kaɗai ba.

Na ƙara kwana biyu. Na ga ɗakin kwanansu da ajinsu da inda za ta riƙa salla. Hajiya Mariya ta ce duk ranar ziyara za ta je da fura, kuma in ta ji an taɓa "shi" za a ji muryarta har Dogon Daji. Ta kai ni wurin wani maɗori a zango, ya murza yatsan ya ce bai karye ba, jini ne ya kwanta. Ranar da zan tafi Luba ta rako ni bakin ƙofar makarantar. Na yi mata nasihar da uba ke yi, ta ce to, ta ce in gaida Inna da Kaka, in ce wa ƙannenta kada su bar tsuntsaye su cinye shinkafar bana. Ba ta yarda ta dubi hannuna ba, ni ma na sa shi cikin aljihu.

Komawar ba ta da labari. Ba wanda ya cuce ni, ba wanda ya buɗe mini jaka, domin ba komai a cikinta sai tufafina. Na nemi mai doyar nan a Faraku in gaya mata an dace, na tarar da rumfar a rufe. A Tambuwal abokaina suka tambaye ni daƙiƙa nawa ta yi, na ce ba a auna ba, suka ɗauka wasa nake yi.

Kumburin ya saɓe cikin mako biyu, amma farcen ya yi baƙi ƙirin. Wata da watanni yana tsirowa, baƙin yana matsawa gaba kaɗan-kaɗan, ina yanke shi ranar Juma'a tare da sauran. Luba takan kira mu ranar Lahadi ta wayar mai kula da ɗakin kwanansu, ta ce tana lafiya, ta fara cin dokunu, sai dogon hutu za ta zo. Yanzu baƙin saura ɗan siriri a bakin farcen. Ran nan uwarta ta gani, ta ɗauko reza ta ce in kawo hannun ta cire mini shi a huta. Na ce ta bari sai gobe. Yau kwana tara ke nan ina ce mata gobe.